Auna Saurin Intanet a Gida: Misali daga Agege

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan yadda mutum zai auna saurin intanet ɗin gidansa, tare da duba kalmomin Hausa da suka dace da aikin. An ɗauki Agege ta Legas a matsayin misali, domin gari ne da Hausawa suka daɗe da zama tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa, kuma mazaunansa na dogara da waya wajen hulɗa da 'yan uwa da abokan ciniki a Arewa.

2.0 Daga Ina Intanet Ke Zuwa?

Legas ce bakin kogi. A nan manyan wayoyin ƙarƙashin teku suke sauka: MainOne da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, sai Equiano ta kamfanin Google a 2022. Ranar 14 ga Maris, 2024, da wasu daga cikin irin waɗannan wayoyi suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da 'yan kasuwa sun ji a jikinsu. Sai dai kusanci da teku bai ba mutumin Agege tabbacin komai ba. Wayar fayiba titi-titi ake shimfiɗa ta, saboda haka tana iya kaiwa Pen Cinema ba ta shiga wani lungu na Isale Oja ba. Kafin a biya kuɗi, a ba kamfani cikakken adireshi, sannan a tambayi maƙwabcin da ya riga ya saka. Maganar maƙwabci ta fi ta takardar talla.

3.0 Kalmomi Uku

A bakin jama'a, "sabis ya yi kyau" ko "ba netwok" sun wadatar. Amma mai awo yana buƙatar rarrabe abu uku. Na farko saukewa, wato gudun da bayanai ke shigowa na'urarka. Na biyu ɗorawa, wato gudun da suke fita. Na uku jinkiri, wanda allo ke nunawa da sunan ping, shi ne lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, kuma da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ake ƙirga shi. A nan ƙaramar lamba ita ce mai kyau.

Kamfanoni sun fi tallata saukewa, amma a ganina ɗorawa ta fi shafar Bahaushen Agege. Dillalin da ke tura bidiyon shanu daga mayankar Oko-Oba, ko magidancin da ke kiran iyalinsa a Katsina ta WhatsApp suna ganin juna, da ɗorawa suke aiki.

Akwai kuma tarkon megabit da megabayit. Bit 8 ne ke yin bayit 1. Da megabit ake sayar da sauri, da megabayit ake auna girman fayil. Ke nan mai megabit 20 a daƙiƙa, megabayit 2.5 yake samu, kuma fim mai gigabayit 1 zai ɗauke shi kusan minti 7. Ɗaliban fassara su lura: ƙarin haruffa biyu a nan ya ninka ma'ana sau 8.

4.0 Yadda Ake Awon

A buɗe Speedtest na kamfanin Ookla, ko Fast.com da Netflix ya fito da shi a 2016. A cire sauran wayoyin gida daga layin tukuna, in ba haka ba ragowar da suka bari za a auna. A tsaya kusa da na'urar da ke raba intanet ɗin, a gwada, sannan a koma ɗakin ƙurya a sake. Idan lambar ta faɗi, laifin bango ne ba na kamfani ba, musamman a gidajen haya masu ɗakuna a jere.

Awo ɗaya ba hujja ba ne. A yi bayan sallar asuba, a yi da azahar, a kuma yi bayan isha'i lokacin da kowa ya dawo gida yana kallo, har tsawon mako guda, ana rubutawa. A tuna gwajin kansa yana cin data. Haka kuma manhajar takan zaɓi matattarar bayanai mafi kusa, galibi a cikin Legas, sai lambar ta yi kyau. A zaɓi ta Landan da hannu a ga yadda jinkiri zai ƙaru.

Da me za a kwatanta sakamakon? Tsarin intanet mai sauri na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin megabit 25 a birane, 10 a karkara. Sai kuma alƙawarin kamfanin kansa, kuma a nan ne ɗalibin harshe zai yi amfani da iliminsa. Idan talla ta ce "har zuwa megabit 50", ƙurewa ta faɗa, ba abin da za a samu kullum ba. Wanda awonsa na mako guda ya nuna tazara mai yawa, sai ya fara kai rubutaccen sakamakon ga kamfanin. Idan ba a saurare shi ba, ya kira Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, a lambarta ta koke-koke, 622.