Sankarar Ƙoda da Aikin Maikuro-RNA

Jama'ar Nguru da Gashuwa sun daɗe da sanin ciwon ƙoda, musamman irin wanda ke kai mutum ga wankin ƙoda. Amma akwai wata cuta dabam, watau sankarar ƙoda. Wanda ya daɗe ana yi masa wankin ƙoda ya fi shiga haɗarinta, haka nan mashayin taba, da mai ƙiba, da mai hawan jini.

Mene ne Maikuro-RNA?

Jikin ɗan Adam ya ginu ne da ƙwayoyin halitta. A cikin kowace ƙwaya, saƙonni na fitowa daga kundin gado zuwa inda ake haɗa furotin. Maikuro-RNA ɗan guntun zare ne mai ɗauri kamar 22, aikinsa shi ne tare wasu saƙonnin, kamar yadda mai lambu ke datse ruwa kada ya yi wa shuka yawa. Masana biyu na Amurka, Victor Ambros da Gary Ruvkun, su ne suka gano shi da aikinsa a jikin wata 'yar tsutsa a 1993, aka ba su lambar Nobel a 2024.

Yadda Yake Shafar Ƙoda

Idan sankara ta kama ƙoda, wannan tsari yakan rikice. Wani mai suna miR-21 yakan yi yawa, ya tare saƙon furotin da ke hana ƙwayoyi hayayyafa barkatai. Shi kuwa miR-200c raguwa yake yi, abin da kan ba ƙwayoyin sankara damar ɓallewa su bazu. Da yake ana samun waɗannan zaruruwa a jini da fitsari, masana na ƙoƙarin mai da su hanyar gano cutar da wuri. Har yanzu gwajin bai shiga aikin asibiti na yau da kullum ba. Hoton ciki ne ke nuna ƙarin, tiyata kuma ita ce babban magani.

Gargaɗi ga Jama'a

A yankin fadamar Haɗeja da Nguru, masunta da manoma sukan ɗauki fitsarin jini a kan tsargiya ce kawai. Ba kullum ba ne. Duk baligin da ya ga jini a fitsarinsa, ko ciwon kwiɓi da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko ƙullutu a gefen ciki, ko rama ba dalili, ya hanzarta zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko asibiti mafi kusa. Sankarar da aka gano tun ba ta fita daga ƙoda ba, galibi tiyata na kawar da ita.