Darasin Kiwon Lafiya: Yadda Abinci da Kulawa Ke Gina Ƙwaƙwalwar Jariri

Kowane uba da kowace uwa suna so ɗansu ya tashi da ƙarfi da basira. Mutane da yawa suna zaton basira gado ce kawai. Gaskiya ne gado yana da nasa rabo. Amma likitoci sun gano cewa abin da jariri ya ci, da irin kulawar da ya samu, suna da babban tasiri a kan yadda ƙwaƙwalwarsa za ta ginu. Wannan darasi zai yi bayani a kan waɗannan abubuwa guda biyu.

KWANA DUBU NA FARKO

Masana kiwon lafiya suna yawan maganar kwana 1,000 na farko. Ga yadda lissafin yake. Ciki wata tara ne, wato wajen kwana 270. Daga haihuwa zuwa cika shekara biyu kwana 730 ne. Idan aka haɗa 270 da 730, an sami 1,000.

A cikin waɗannan kwanaki ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin girma. Ranar haihuwa, nauyin ƙwaƙwalwar jariri wajen kashi ɗaya ne cikin huɗu na ta babban mutum. In ya cika shekara biyu, ta kai wajen kashi uku cikin huɗu. In ya kai shekara biyar, ta kai wajen kashi tara cikin goma. Ke nan yawancin ginin ya kammala tun kafin a sa yaro makaranta.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙananan ƙwayoyi masu ɗimbin yawa waɗanda ido ba ya gani. Suna aika wa juna saƙo ta wasu siraran hanyoyi. Waɗannan hanyoyi kamar hanyar gona suke. Wadda ake bi kullum tana fitowa sosai. Wadda aka daina bi, ciyawa ce ke rufe ta. Abinci shi ne kayan aikin gina hanyoyin. Magana da wasa da rarrashi su ne sawun da ke bin su.

TUN DAGA CIKI

Ɗan da ke ciki ba shi da wani abinci sai abin da uwarsa ta ci. Saboda haka mai ciki tana bukatar ƙarin abinci, kuma iri-iri. Ban da tuwo, tana bukatar wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nama, nono da ganye irin su zogale da alayyafo da rama.

Akwai sinadarai uku da ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke matuƙar bukata. Na farko shi ne aidin. Rashinsa yana kawo wa uwa maƙoƙo, yana kuma rage basirar ɗa. Don haka ne a shekarar 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin a cikin gishirin da ake sayarwa. A sayi gishirin leda wanda aka rubuta yana da aidin, a ajiye shi a rufe, nesa da rana da danshi.

Na biyu shi ne sinadarin ƙarin jini. Na uku kuma shi ne folik asid, wanda ke taimakawa wajen haɗuwar ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya a makonnin farko na ciki. Duka biyun suna cikin ƙwayoyin da ake bayarwa a wurin awo. Mai ciki ta fara zuwa awo da wuri, ta kuma shanye maganin da aka ba ta. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin ta haihu.

Zazzaɓin cizon sauro yana shanye jinin mai ciki, yana kuma sa a haifi jariri ƙarami. Jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba yana bukatar kulawa ta musamman. Mai ciki ta riƙa kwana a cikin gidan sauro kullum. Maigida kuma ya rage mata aikin wahala, kamar faskare da ɗauko ruwa daga nesa.

DAKASHI DA NONON UWA

A sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwarsa. Nonon farko mai kauri, mai launin ɗorawa, shi ake kira dakashi. A wasu garuruwa akan matse shi a zubar, wai ba shi da kyau. Wannan kuskure ne. Dakashi shi ne rigakafin farko na jariri, domin yana ɗauke da abubuwan da ke kare shi daga cututtuka.

Daga haihuwa zuwa wata shida, nonon uwa zalla ya ishi jariri. Ba ya bukatar ruwa, ko bauri, ko kunu, ko madarar shanu. Wani zai ce, to ƙishirwa fa a lokacin bazara? Amsa ita ce, fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Idan ana zafi, uwa ta sha ruwa da yawa, ta kuma yawaita ba da nono. Cikin jariri ƙarami ne. Ruwan da aka ba shi yana tare wurin nono, kuma yana iya kawo masa gudawa. Zuma kuwa, kada a ba yaro sai ya cika shekara ɗaya, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta mai shanye jikin jariri.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a shekarar 2018 ya nuna cewa jarirai 29 ne kawai cikin 100 a Nijeriya suke samun nono zalla kafin wata shida. Wannan aiki ba na mai jego ba ne ita kaɗai. Kaka da uwar miji da maigida su ne sukan ce a ba jariri ruwa, su ne kuma za su iya hanawa.

BAYAN WATA SHIDA

Idan yaro ya cika wata shida, nono kaɗai ba ya isar sa. Sai a fara ba shi abinci, a kuma ci gaba da shayar da shi har shekara biyu. Wannan wa'adi na shekara biyu ya dace da abin da ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 233.

Matsalar da aka fi samu a wannan lokaci ita ce tsinkakken koko. Yana cika cikin yaro, amma yawancinsa ruwa ne. Kunun yaro ya zama mai kauri, wanda zai tsaya a cokali. A soya gero ko dawa sama-sama, a soya waken suya da gyaɗa, a niƙa su tare a ajiye garin a mazubi mai murfi. In an dama, a sa ɗan manja ko man gyaɗa cokali ɗaya. Ana iya ƙara garin busasshen kifi ko garin zogale.

Daga wata shida zuwa wata takwas, a ciyar da yaro sau biyu ko uku a rana. Daga wata tara zuwa shekara biyu, sau uku ko huɗu, tare da ɗan abin taɓawa kamar ayaba, gwanda, mangwaro ko dafaffiyar kabewa. A zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, domin a ga yawan abin da ya ci. Idan ya ci tare da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun cinye.

Akwai camfin da ke cewa yaron da aka ba ƙwai zai yi sata. Wannan ba shi da tushe. Ƙwai yana cikin abinci mafi amfani ga ƙwaƙwalwar yaro. Gidan da ke da kaji ko zabi, a riƙa rage wa yaro ƙwai kafin a kai sauran kasuwa.

Yaron da ya daɗe bai sami isasshen abinci ba yakan tsumbure, wato tsawonsa ya kasa shekarunsa. Binciken nan na 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya sun tsumbure. A jihohin Arewa maso Yamma kuwa, 57 ne cikin 100. Abin da ya hana jiki girma yana taɓa ƙwaƙwalwa ma, shi ya sa irin waɗannan yara sukan sha wuyar karatu daga baya.

MAGANA DA WASA

Abinci kaɗai bai isa ba. Jariri yana jin sauti tun yana cikin watannin ƙarshe na ciki, kuma yana gane muryar uwarsa bayan haihuwa. Sabon jariri ya fi ganin abin da ke kusa da shi kamar taƙi ɗaya, wato nisan da ke tsakanin nono da fuskar uwa. Idan uwa ta dube shi ta yi masa magana, ya yi gwalantu ta amsa masa, to hanyoyin ƙwaƙwalwarsa suna ƙara ƙarfi.

Ga misali daga ƙasar Jamaika. A shekarar 1986 likitoci a birnin Kingston suka fara wani bincike da yara 129 waɗanda suka tsumbure, masu wata tara zuwa shekara biyu. Wasu daga cikinsu, ma'aikatan lafiya sun riƙa zuwa gidajensu kowane mako har shekara biyu. Suna koya wa uwaye yadda za su yi wa yaran magana da wasa, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan wajen shekara 20 aka sake neman yaran. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wa wasan suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kashi 25 cikin 100.

Ga wani misali daga ƙasar Romaniya. Bayan faɗuwar gwamnatin ƙasar a 1989, an tarar da dubban yara a gidajen marayu. Suna kwance a gado yini guda, babu mai ɗaukar su, babu mai yi musu magana. Da yawa sun kasa girma, sun kuma yi jinkirin magana da fahimta. Daga baya masu bincike suka sama wa wasu daga cikin irin waɗannan yara iyayen riƙo. Waɗanda aka kai hannun iyali kafin su cika shekara biyu sun fi sauran farfaɗowa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi. Goyo, tawai, waƙar raino da tatsuniya duk suna cikinsa. Uwa tana tankaɗe tana gaya wa yaro sunan rariya da ƙwarya. Uba ya dawo daga gona ya ɗauke shi, ya nuna masa akuya da kaza. Gwangwani mai tsabta da aka sa wa tsakuwa aka rufe shi gam ya zama abin kaɗawa. A inda kunyar ɗan fari ke hana uwa yi wa ɗanta wasa a gaban mutane, ta yi masa a ɗaki, kaka da gwaggo kuma su yi masa a tsakar gida.

ABUBUWAN DA KE CUTAR DA ƘWAƘWALWA

Yawan gudawa yana zubar da abincin da yaro ya ci. A wanke hannu da sabulu kafin a ba shi abinci da bayan an yi masa tsarki. In gudawa ta kama shi, a ba shi ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink, kada kuma a daina ba shi nono.

Cutar sanƙarau da zazzaɓi mai sa taune-taune suna iya lalata ƙwaƙwalwa. A kai yaro asibiti da gaggawa, a kuma tabbatar an yi masa dukkan allurar rigakafi.

Kada a jijjiga jariri da ƙarfi don ya yi shiru, domin hakan na iya fasa jijiyoyin jini a kansa. Duka da tsawa da yawan faɗa a gida suna sa yaro zama cikin firgita, kuma firgita tana hana koyo.

Gubar dalma ma babbar abokiyar gaba ce. A shekarar 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinari masu dalma a cikin gidaje. Wasu da suka rayu sun sami lahani a ƙwaƙwalwa. Kada a shigo da irin waɗannan duwatsu inda yara ke rarrafe. Kwallin dutse ma yakan ƙunshi dalma, saboda haka kada a sa wa jariri.

YADDA ZA A GANE YARO YANA CI GABA

A riƙa kai yaro awon nauyi a asibiti. Lafiyayyen jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa a wajen wata biyar zuwa shida, ya kuma ninka shi sau uku in ya shekara. Yawancin yara suna murmushi a wata biyu, suna zama tsakanin wata shida da tara, suna tafiya kafin shekara ɗaya da rabi. Yara sun bambanta, amma wanda ya yi jinkiri sosai, ko ba ya waiwaye in an yi ƙara, ko ƙafafunsa suka kumbura, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya. Tamowa tana da magani, kuma gara a fara shi da wuri. Yaron da ya wuce shekara biyu ma bai makara ba, domin abinci mai kyau da kulawa suna ci gaba da yi masa amfani.

TAMBAYOYI DON AJI

1. Daga yaushe ake fara ƙirga kwana 1,000 na farko, kuma yaushe suke ƙarewa?
2. Mene ne dakashi, kuma mene ne amfaninsa?
3. Me ya sa ba a ba jariri ruwa kafin wata shida?
4. Waɗanne abubuwa uku ake niƙawa a yi garin kunun yaro?
5. Me aka koya daga binciken da aka yi a Jamaika?

AIKIN GIDA

Kowane ɗalibi ya rubuta sunayen abinci biyar da ake samu a garinsu waɗanda za a iya ba yaro ɗan wata tara. Ya kuma karanta wa mutanen gidansu wannan darasi, musamman masu ciki da masu goyo da kakanni.