Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Gonar Wake Take Ƙara Ƙarfi?

Wani mai sauraronmu daga Haɗejiya, jihar Jigawa, yana tambaya: me ya sa dawa take yin kyau a gonar da aka noma wake bara?

To malam, mun gode da tambayarka. Sirrin yana ƙarƙashin ƙasa. In ka tumɓuke wake, za ka ga ƙananan ƙulluttai a jikin saiwarsa. Fasa guda ɗaya. Idan cikinsa ja-ja ne, to ƙwayoyin halittar da masana ke kira rizobiyam suna bakin aiki. Ido ba ya ganinsu, amma su ke ɗebo sinadarin naitrojin daga iska su mayar da shi abincin shuka, wanda dominsa ake sayen takin yuriya. Bayan girbi, saiwa da ganye su ruɓe, ƙasa ta samu rabonta.

Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan tana sarrafa irin waɗannan ƙwayoyi da sunan NoduMax, ana cuɗa su da irin waken soya kafin shuka.

Don haka manoman fadamar kogin Haɗejiya, idan ruwa ya janye ku shuka wake, ku riƙa sauya amfanin gona, ku daina ƙona karmami. Da fatan ka gamsu.