Kafin Ki Sa Hannu, Jikata

Jikata, mahaifiyarki ta gaya mini kin tsayar da zuciya a kan neman kwalejin Kirista a Amurka, har kin fara cike takardu. Na yi murna, ko da yake ban ji daɗin amaryata za ta haye teku ta bar tsoho da sandarsa ba. Ba ki nemi shawarata ba, amma ga ta nan kyauta.

Kada ki ɗauka duk makarantar da ta rubuta sunan Almasihu a ƙofarta halinsu ɗaya. Wheaton, wadda ke jihar Illinois tun 1860, inda Billy Graham ya gama a 1943, tana so ɗalibi ya bayyana bangaskiyarsa tun a takardar nema, kuma zuwa sujada sau uku a mako dole ne. Calvin da ke Grand Rapids a Michigan ta ɗarikar Christian Reformed ce, ɗarikar su Johanna Veenstra da ta zo Lupwe kusa da Takum a 1921. A can ba a tilasta wa kowa zuwa sujada, amma darussan addini suna cikin abin da za ki karanta ko da kimiyya kika je yi. Liberty kuwa, wadda Jerry Falwell ya kafa a Virginia a 1971, babba ce ƙwarai, dokokinta da yawa, kuma ta yi suna da shiga harkar siyasar ƙasar. Dukansu na Kirista ne, amma yarinyar da za ta sake a ɗaya tana iya takura a ɗayar.

Yawancinsu suna da takardar alkawari da ɗalibi ke sa wa hannu: batun giya da taba, hulɗar samari da 'yan mata, wani wurin har da sutura da lokacin komawa ɗaki. Na san ku yaran yanzu, ku kan danna "na yarda" a waya ba ku karanta ko layi ɗaya ba. Wannan ba irin ta ba ce. Ki buga ta a takarda, ki zauna ki karanta da biro a hannu. Haka ma bayanin koyarwarsu. Inda suka saɓa da abin da aka koya miki a gida, misali kan baftismar jarirai ko wa'azin mata, ki kai wa fastonku ku tattauna. Ba sai kin yarda da kowace kalma ba kafin ki zauna da mutane lafiya, amma abin da kika sa wa hannu ya zama bashi a wuyanki shekara huɗu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Za su ce ki rubuta labarin bangaskiyarki, abin da muke kira shaida. A nan jaraba take. Turawan nan sun ji labarin rikice-rikicen Arewa, sun ji na Chibok a 2014, kuma akwai masu ba yara shawara su ƙara wa labarinsu gishiri, a ce an ƙona gida, an kore su daga gari, don a ji tausayi a ba da tallafi. Ke Allah ya tsare ki daga wannan. Waɗanda abin ya same su da gaske suna nan tare da mu a ikilisiya, kin san su, kina gaishe su ran Lahadi. Kada ki ari hawayensu ki sayi gurbin karatu da shi. Ki rubuta abin da ya faru da ke, ko da kina ganin ƙarami ne: shekarun da kika yi kina koya wa yara a makarantar Lahadi, lokacin da shakka ta kama ki a aji biyar na sakandare, da wanda ya saurare ki. Masu tantancewa suna karanta ɗaruruwan irin waɗannan takardu, kuma suna gane muryar yaro daga ta wanda aka biya ya rubuta. Wasiƙar fasto ma ki karɓa wajen wanda ya san ki da halinki, ko da ƙaramin mai bishara ne, ki ba shi lokaci, ba ki zo masa ana gobe rufewa ba.

Sai kuɗi. Sanannun kwalejojin nan sukan haura dala 40,000 a shekara in an haɗa ɗaki da abinci. Idan suka ce sun ba ki tallafi, ki tambaya a rubuce: nawa ne, na shekara nawa, wane maki za ki riƙe don kada a janye. Sau da yawa wani ɓangare ne na kuɗin karatu kawai; inshorar lafiya, littattafai, rigar sanyi da inda za ki kwana in an rufe ɗakunan kwana lokacin hutu duk naki ne. Makaranta ba za ta ba ki takardar I-20 ta neman biza ba sai kin nuna kuɗin shekarar farko, kuma bizar ɗalibi ta F-1 ba ta yarda ki yi aiki fiye da awa 20 a mako lokacin karatu ba, shi ma a cikin makaranta. Saboda haka kada wani ya aro miki takardar banki ya ce in kin isa za ki nema. Addu'a muna yi, baikon ikilisiya ma zai taimaka, amma lissafi sai an yi shi. Ki duba Berea a Kentucky, wadda aka kafa a 1855: ba ta karɓar kuɗin karatu, kowane ɗalibi yana aiki, sai dai baƙin da take ɗauka kaɗan ne.

Ki tabbata makarantar tana da amincewar hukumomin tantance jami'o'i, kuma tana tsaye da ƙafafunta. King's College ta New York ta daina koyarwa a 2023 saboda matsalar kuɗi, ɗalibanta suka watse neman wani wuri. Baƙo ya fi kowa shan wuya a irin wannan, don bizarsa a ɗaure take da makaranta. Dillalai kuma ki rabu da su. Ofishin EducationUSA a Abuja da Legas yana ba da shawara, ka'idojin biza ga 'yan Najeriya kuwa suna yawan sauyawa, ki riƙa jin su daga ofishin jakadanci kai tsaye.

A hirar biza za a tambaye ki abin da za ki yi bayan kin gama, don doka ta ce sai kin nuna niyyar dawowa. Ki fara ba kanki amsa tukuna. Byang Kato, ɗan Kwoi, ya yi karatu har Dallas, ya komo ya yi wa Afirka aiki. Ban ce lallai ki bi sawunsa ba, amma abin da kika faɗa a gaban tagar nan ya zama shi ne a zuciyarki.

Ran Asabar ki zo da takardun alkawarin makarantun da kika zaɓa, da sakamakonki na WAEC, mu karanta tare. Ki taho mini da tabarau na da na bari a gidanku.