Awon Jini da Cutar Kumburin Hanyoyin Jini

Ya kamata jama'ar Magariya da Dungas su sani cewa, daga cikin cututtukan da Allah ya jarrabi ɗan Adam da su, akwai wata wadda ba kasafai ake ganinta ba, wadda garkuwar jiki, maimakon ta tsare mai ita, sai ta juya ta far wa hanyoyin jininsa, su kumbura, su ƙuntata, har jini ya kasa isa ga ƙoda ko ido ko gaɓoɓi. Wani likitan ido na Japan, Mikito Takayasu, ya bayyana wani nau'inta a 1908, wanda galibi matan da ba su kai arba'in ba yake kamawa, har a taɓa wuyan hannu a rasa bugun jini. Wani nau'in kuwa yakan biyo bayan ciwon hanta na B, wanda ba baƙo ba ne a ƙasarmu.

Awo biyu likitoci suka fi bibiyar ta da su. Na farko, wanda ake rubutawa VS a takardunmu, shi ne a zuba jini cikin siririn bututu, a tsayar da shi sa'a guda, a duba nisan da jajayen ƙwayoyi suka nutse, domin kumburi yakan sa su manne da juna su yi nauyi. Na biyu, CRP, sinadari ne da hanta ke fitarwa, wanda aka gano a Amurka a 1930; shi cikin sa'o'i yake hawa, cikin kwanaki ya sauka, alhali VS sai ya ɗauki makonni.

To, amma kowane ɗayansu shaida ne, ba alƙali ba, kuma hukunci ba ya tabbata da bakin shaida guda. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakin yara na asibitin Magariya kowace damina, inda ƙungiyar MSF ke aiki tun 2005, hawan adadin awon ya fi nuna zazzaɓin cizon sauro ko tarin fuka. Juna biyu da ƙarancin jini ma suna ɗaga VS. Abin da ya fi ban tsoro shi ne akasin haka, domin an sha samun awo lafiya lau alhali cutar na cin jijiya a ɓoye, balle ga wadda ta sha ƙwayoyin ƙiba na kasuwa, sha-ka-fashe, waɗanda ke danne kumburi su rufe wa likita ido.

Saboda haka wanda aka ɗora bisa maganin prednisolone don wannan cuta kada ya yanke shi farat ɗaya don adadi ya sauka, domin yin haka na iya halaka shi. Ya gaya wa likita duk abin da ya sha, ya yarda a duba fitsarinsa, a auna hawan jini a hannu biyu, in kuwa an tura shi babban asibitin Damagaram ya tafi da tsofaffin takardunsa, domin a gwama awon bana da na bara.