Yadda ake sa ido kan masu shiga sabar ofis daga Magamar Jibiya

Tun da aka sake buɗe iyakar Jibiya a watan Maris na 2024, bayan rufewar da ta biyo juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aikin takardu ya dawo Magama. Kamfanin fiton kaya da ke da hedikwata a Katsina ko Kano ba zai ajiye sabarsa a bakin iyaka ba, saboda matsalar wuta da tsaro. Sai ya bar ta a birni, akawunsa na Magama ya riƙa shiga daga nesa ta Remote Desktop. To, mai kula da sabar yana bukatar sanin abu biyu: wa ya shiga da yaushe, kuma tun yaushe rabonsa da taɓa komai.

A sabar Windows, a fara da buɗe baƙin allon umarni a rubuta quser. Nan take za a ga sunan kowa, da lambar zamansa, da halin da yake ciki, da lokacin da ya shiga, da tsawon zamansa ba motsi. Idan daga wata kwamfuta ake dubawa, sai a ƙara /server: da sunan sabar. Karanta lokacin rashin motsin yana son natsuwa. Ɗigo kaɗai na nufin mutum yana kan aiki. Lamba 40 minti 40 ke nan, 2:15 awa 2 da kwata, 1+03:10 kuwa ya kwana ya ƙara awa 3 da minti 10.

Sai dai quser abin da ke faruwa yanzu kawai yake nunawa. Don a samu tarihi, a sa Task Scheduler ya riƙa kiran umarnin duk minti 15 yana zuba sakamakon a fayil guda, tare da kwanan wata.

Daga nan sai Event Viewer. A kundin tsaro, lamba 4624 shiga ce da ta yi nasara, kuma idan nau'inta 10 ne, daga nesa aka shigo. Lamba 4625 yunƙuri ne da ya ci tura. Guda biyu ko uku da safe, wataƙila akawu ne ya manta kalmar sirri. Ɗaruruwa da tsakar dare, ana gwada sunaye barkatai, wannan ɓarayin intanet ne suka gano ƙofar Remote Desktop ta 3389 a buɗe, kuma maganinta a rufe ta a koma shiga ta VPN.

Wurin da ya fi dacewa da Jibiya shi ne kundin TerminalServices-LocalSessionManager. A can 21 shiga ce, 23 fita ce da gangan, 24 yankewa, 25 kuma dawowa. Duk wanda ya san yadda sabis ke ɗaukewa a hanyar Ɗan Issa zai gane amfanin wannan bambanci. Idan aka ga 24 da 25 suna bin juna sau da yawa cikin awa ɗaya, layi ne ke wasa. Idan 24 ce ita kaɗai da yamma, babu 23, akawu ya rufe laftof ya tafi gida, zamansa na nan a sabar yana cin ƙwaƙwalwa, takardar da ya buɗe kuma ta kulle wa abokan aikinsa. A sabar da ba a saya mata lasisin masu shiga da yawa ba, mutum 2 kaɗai ke iya aiki a lokaci guda, don haka wanda ya bar zamansa a haɗe ba tare da yana aiki ba ya tare wa wani kujera. A duba adireshin da aka shigo da shi ma, amma kada a razana don an ga na Nijar, domin riƙe layin waya na ƙasashen biyu ba baƙon abu ba ne a bakin iyaka.

Ni dai ban yarda a yi wa ma'aikaci hukunci da wannan lissafi ba. Sabar motsin madannai da linzami kawai take ƙirgawa. Akawun da ta rubuta wa awa 2 ba motsi, mai yiwuwa yana tsaye a rana gefen tirela, jami'in kwastan yana duba buhuna, direba yana ta "Oga, a taimaka, Maraɗi zan kwana."

Mataki na ƙarshe a bar wa sabar aikin. A Group Policy, ƙarƙashin iyakokin lokacin zama, a sa ta yanke wanda ya daɗe ba motsi, misali awa 1, sannan ta rufe zaman da ya yanke bayan wasu awanni. Kada a matse na biyun, kar ɗaukewar sabis ta minti 10 ta cinye wa mutum rabin takardar da bai adana ba. Idan kuma dole ne a fitar da wani yanzu, a kira shi a waya tukuna, sannan a rubuta logoff da lambar zamansa da quser ya nuna.