Yadda Ɗalibi Zai Tashi Daga Sheda, Ya Shiga Jami'a da Abin Hawa, Ya Ajiye Shi Bisa Ƙa'ida

Duk wanda ya biyo babbar hanyar da ta taso daga Kaduna ta nufi Lakwaja, in ya bar Gwagwalada a bayansa, kafin ya kai garin Kwali zai ratsa Sheda, wadda ko da yake ba ta cika girma ba, Allah Ya yi mata arzikin gidajen ilmi, gama a nan Cibiyar Lissafi ta Ƙasa take, a nan hedkwatar hukumar NERDC mai tsara manhajar makarantu take, a nan kuma aka kafa cibiyar binciken kimiyya da fasaha da ake kira SHESTCO bisa dokar 1993. Saboda haka ɗalibai ba su yanke ƙafa daga garin, waɗansu don bincike, waɗansu don sanin makamar aiki. Su kuma 'ya'yan garin da na ƙauyukan kewaye, da yawansu kullum safiya sai su nufi arewa, zuwa Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, ta soma karatu a 1990, gwamnati kuma ta amince a watan Disamba na 2024 a mayar da sunanta Jami'ar Yakubu Gowon. Ƙaramin mazauninta yana cikin Gwagwalada, babban kuwa yana kan hanyar filin jirgin sama, bayan an karya kwana a mahaɗar Giri.

Abin da nake so ɗalibi ya riƙe tun daga farko shi ne, a wannan tafiya hanya biyu zai taka, kowace da hukuncinta. Babbar hanya ta tirela ce da tanka da motocin da suka kwana suna gudu daga kudu. Hanyar cikin makaranta kuwa ta masu tafiya a ƙasa ce, mai mota baƙo ne a kanta. A ganina galibin ɓarnar da ɗalibai kan yi da abin hawa, daga cuɗa hukuncin nan biyu take tasowa, wato mutum ya shigo ƙofar makaranta alhali ƙafarsa ba ta manta da gudun babbar hanya ba.

To, kafin ka taɓa sitiyari, fara da takardu. Doka ba ta ba wanda bai kai shekara 18 ba lasin, kuma ba a samunsa sai ta hanyar makarantar koyon tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta amince da ita, sannan jami'an duba motoci su gwada ka. In ya fito, na shekara 3 ne ko 5, kuma na babur daban ne da na mota. Ka haɗa da takardar rajistar mota, da inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, wadda tun watan Janairu na 2023 kuɗinta ga ƙaramar motar gida ya koma naira 15,000 a shekara. Ka yanke ta a hannun kamfani na gaskiya, domin takardar da ɗan kamasho zai buga maka a gindin bishiya, ranar da ka buƙace ta ba za ta amfane ka da kome ba. In kana cikin koyo ne, jar alamar koyo ta kasance a gaba da baya, da ƙwararren direba a gefenka.

Sa'an nan ka duba motar, ba sai ranar doguwar tafiya ba. Ruwan lagireto, baƙin mai, birki, fitilu, sigina, madubai. A bayan mota kuma safaya mai iska, da jak, da abin kashe gobara, da jar alamar nan mai kusurwa uku. Taya ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin zafin Gwagwalada sananne ne, kuma tsohuwar taya a kan kwalta mai zafi ba ta yin sallama kafin ta fashe. Durƙusa ka duba gefenta, za ka ga lambobi huɗu a cikin wani ɗan zagaye mai tsawo: biyun farko makon da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2322, to an yi ta a mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar kiyaye haɗurra tana gargaɗin kada a dogara da tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa, ko da zanenta bai goge ba. Kada kuma ka bar mai faci ya cika mata iska da ka. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba.

Hawa babbar hanya daga Sheda shi ne wuri mafi hatsari a tafiyar duka, don haka a nan gaggawa haramun ce a wurina. Tsaya cik, ka duba, ka sake dubawa, ka tuna cewa motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, tirelar da ta ɗauko kaya kuwa, ko direbanta ya taka birki har ƙasa, sai ta ja doguwar tafiya kafin ta tsaya. In wurin juyawa ya yi maka nisa, je ka can ka juyo. Kada Shaiɗan ya raya maka ka bi hannun da ba naka ba don rage hanya, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Ɗaura bel, kai da wanda ka ɗauka, ka ajiye waya. Da hunturu, in hazo ya sauka, kunna fitila ko da rana ce, ka ƙara tazara tsakaninka da na gaba. Da damina ma haka.

Wanda ba shi da abin hawa, kuma su ne mafi yawa, shi ma da nasa ladabin. Ya shiga mota a tasha ko a wurin da aka san direbobin, ya guji motar da ta tsaya masa a kan hanya da mutanen da bai yarda da su ba, musamman bayan magariba, domin masu fashi da motar haya ba baƙon abu ba ne a yankin Abuja. In acaɓa zai hau, ya hau shi kaɗai, da hular kwano, wadda aka soma tilasta sawa tun 1 ga Janairu 2009. 'Yan'uwanmu mata kuma su tattare hijabi da bakin zane su riƙe a cinya, gama tufafi in ya shiga sarƙa ko taya, kafin a ankara ya fizgo mai shi ƙasa. Mai hawa acaɓa kuma ya sani tun 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja, kada ya ɗauka abin da ya halatta a Kwali ya halatta a ko'ina.

Da ka doshi ƙofar makaranta, rage gudu tun daga nesa, ka sauke gilashi, ka kashe kiɗa, ka yi wa masu gadi sallama, katin shaidarka na ɗalibi yana kusa. In an ce buɗe bayan mota, buɗe ba da gardama ba. A makarantu da ma'aikatu da yawa akan miƙa wa mai mota ɗan kati ko ƙarfe mai lamba a ƙofa, ya mayar in zai fita. In an ba ka, sa shi a aljihu, kada ka bar shi cikin motar, domin hikimarsa ita ce ɓarawon da ya ɗauki mota ya rasa abin nunawa. Kuma a makonka na farko, ka je ofishin tsaro da na kula da harkokin ɗalibai da ƙafarka, ka tambayi ƙa'idar rajistar abin hawa, da wuraren da aka keɓe wa ɗalibai, da lokacin rufe ƙofa, da ko ana barin babur ya shiga. Kowace makaranta da tsarinta, kuma abin da ka ji daga bakin abokai ba hujja ba ne ranar da aka kama ka.

A ciki, dokar ƙasa ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a awa cikin gari, amma ni ina ganin wannan ya yi yawa a inda ɗaruruwan ɗalibai ke fitowa daga lacca lokaci guda, rabinsu idonsu na kan waya. A gudun 50, daƙiƙa ɗaya da za ka yi kafin ƙafarka ta kai birki, motar ta ci kusan mita 14. A gudun 30 kuwa, mita 8 da ɗoriya. Wannan ɗan bambanci shi ne tsakanin firgita da jana'iza. Saboda haka kada ka wuce 30, in allo ya nuna ƙasa da haka ka bi allo, kusa da ɗakunan kwana da masallaci da asibiti kuma ka tafi kamar mai rakiya. Mai ƙafa ya sa ƙafarsa a titi, tsaya masa. Kada ka sha gaban motar ɗalibai da ta tsaya sauke mutane, domin wanda ya sauka yakan ɓullo ta gabanta ba ka gan shi ba. Ham kuwa kusa da aji cutarwa ce. Malaman fiƙihu sun yi dogon bayani a kan haƙƙin hanya, da lamunin da ke kan mahayi in dabbarsa ta yi ɓarna saboda sakacinsa, kuma ban ga dalilin da zai fitar da mai mota daga wannan babi ba.

Ajiye mota shi ne inda ake gane tarbiyya. Nemi filin ɗalibai ko da ya yi nisa da ajinka, ka bar wurin da aka rubuta wa malamai da shugabanni, ka bar ƙofar asibiti da mashigar masu keken guragu, kada ka hau ciyawa ko hanyar masu ƙafa, kada ka tsaya a kwana ko a bakin shataletale. Shiga da baya, hancin mota yana kallon mafita, domin lokacin zuwa kana da natsuwa, lokacin tashi kuwa filin ya cika da jama'a, ribas a cikinsu ganganci ne. Tsaya tsakanin layi, ka bar wa maƙwabci wurin buɗe ƙofa, ka ja birkin hannu. Kada ka toshe kowa da cewa yanzu za ka fito. La'alla wanda ka toshe mara lafiya zai kai Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. In lalura ta tilasta, rubuta lambar wayarka ka maƙala a gilashi. Inuwar bishiya daɗi gare ta da bazara, amma da farkon damina, sa'ad da hadari ke zuwa da iska mai karya rassa, fili ya fi. Kwamfuta da jaka kada su kwana a kan kujera, kuma bayan ka kulle, ja hannun ƙofa ka tabbata. Mai babur ya kulle wuya, ya ƙara da sarƙa, a inda mai gadi ke ganinsa.

Akwai wata fitina da ta keɓanta da ɗalibai, ita ce aron mota. Aboki zai zo da fara'a ya ce minti goma kawai, kunya ta hana ka tambayarsa lasin. Tambaye shi. Motar nan galibi ta mahaifi ce ko ta yaya, amana ce a hannunka, kuma sunan da ke kan takardu shi za a fara nema. Haka nan ranar kammala jarrabawa, da ake jerin gwano ana zama a kan tagogi ana juyi da mota, ka ajiye makulli a ɗaki.

In kuwa tsautsayi ya auku duk da kiyayewa, kada ka gudu. Tsaya, ka kunna fitilun gargaɗi, ka ajiye jar alama nesa kaɗan a bayan mota, ka fara da wanda ya ji rauni. In ana zaton wuyansa ko bayansa ya taɓu, kada a ɗaga shi da ƙarfi sai masu agaji sun iso, sai fa in barinsa a wurin ya fi hatsari. A babbar hanya kira 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra, ko 112. A cikin makaranta sanar da ofishin tsaro da asibitin makaranta nan take. In ƙarfe ne kawai ya lotse, ɗauki hoton motocin kafin a motsa su, ku karɓi lambar juna da bayanin inshora a gaban jami'in tsaro, sa'an nan ka kira mai motar ka gaya masa da bakinka kafin labari ya riga ka isa gida.